Wankan Jego da Tukunyar Gas

Ko na tsufa har na manta sunan garinmu, shekarar da na ce za a yi wankan jego da gas a gidana ba za ta fita daga kaina ba.

A lokacin ni ne sarkin wa'azin bishiya a Madadi. Duk wanda na gani da gatari sai na tsare shi da lacca har ya gwammace zafin rana. Ina cewa zafin nan da ke gasa mu, da ruwan saman da ke yi mana rowa, duk hakkin bishiyoyi ne. Ƙasar da Allah ya binne wa gas a ƙarƙashinta, me za ta yi da itace? A tsakar gidana akwai mangwaron da mahaifina ya dasa, kuma na sha alwashin ko tsinke ba za a cire masa ba.

Sai maiɗakina ta haihu, surukata ta taso daga Durun don ta yi mata wanka. Inna ba ta yi mini magana kai tsaye, saboda kunyar suruki. Bango take kallo ta faɗi abin da ke ranta, ni kuma ina tsugune.

"A tambayi maigidan nan inda aka jibge itacen wanka," in ji ta.

Na mirgino tukunyar gas ina washe baki. "Ga shi, Inna. Ba hayaƙi, ba toka."

Ta daɗe tana kallon bangon. "To, Allah ya sa wannan tulun ya san arba'in."

Wanda bai san tukunyar ruwan jego ba, ya ƙaddara rijiya ce aka yi wa hannu. Safe da yamma sai ta tafasa, tafasar da za ta iya fige rago. Ga kunun kanwa, ga farfesu. Kafin a yi suna gas ya ce ga garinku nan.

Na ɗaure tukunyar gas a babur na nufi Gwarzo. Da mai gas ya faɗi sabon farashi, sai da na waiwaya ko da wani yake.

"Alhaji, ba laifina ba ne," ya ce. "Jiragen ruwa ke lodinsa zuwa waje. Can da dala ake biya, gwamnati kuma dala take nema. Mu ragowa ake jefo mana, ita ma da kuɗin can."

"Su Turawan jego suke yi?"

"Sanyi suke ji."

Na wuce Kabo, na tarar da layin tukwane kamar ana raba gado, shagon kuma a rufe. Haka na juyo da tukunyata tana ƙara a baya kamar tana yi mini dariya.

Ina yin sallama na ga wani ƙato a gindin mangwaro yana tofa yawu a tafin hannu, gatari jingine da ƙafarsa. Na zube a gaban Inna. Na kawo zancen jiragen da ke kai wa Turawa gas, na kawo zancen hamada, na kawo zancen marigayi mahaifina, har ƙwalla na matso.

Ta dubi bango. "A gaya masa 'yata ba za ta yi wanka da ruwan sanyi ba don Bature ya ji ɗumi. Ko itace, ko mu tafi Durun yau da jaririn."

Na roƙi a bar gindin. Na yi alkawarin kara, kuma na cika: ni da tumbina muka yi ta yawo gona-gona muna ɗaure karan dawa, waɗanda na yi wa lacca suna tsayawa su ce, "Sannu da kare muhalli, Malam." Amma kara wutar minti ɗaya ce, dole aka sauke reshe guda. Inna da kanta ta zaɓa, kuma ta zaɓi wanda ke yi wa tabarmata inuwa.

Mangwaron yana nan, ya karkace gefe guda, ni kuma da azahar ina bin inuwarsa da tabarma a hannu. Abin da na koya shi ne, muddin gas ɗinmu zai hau jirgi ya bar matanmu da tukunya a sanyaye, bishiya ce za ta biya, kuma duk iya bakin mai lacca ba ya tafasa ruwa.