Ranar da Aka Zo Duba Koyarwata

Shekara bakwai na yi a bayan aji. A takarda, aikina taimaka wa yara masu buƙata ta musamman ne, amma a unguwarmu ta Ƙofar Kuyambana "mai raino" ake ce mini, har a cikin gidanmu. Gidan namu kuwa na malamai ne, tun asuba zaure cike yake da masu ɗaukar karatu. Ni ce a cikinsu mai kai yara bayi, mai goge majina, mai riƙe hannun wanda fensir ya gagara. Ina son yaran, amma sunan nan yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Sai malaman makarantarmu suka fara zarewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya yi ritaya, waccan ta bi miji Kaduna, wani ya ce sayar da takin zamani ya fi masa rufin asiri. Ba a turo ko mutum ɗaya ba. Wata Litinin hedimasta ya miƙo mini alli ya ce in riƙe aji uku kafin a ga abin da hali zai yi. Da na ga shekara ta zagayo allin yana hannuna, na shiga karatun malanta na Asabar da Lahadi. Shekara uku ina sintiri tsakanin cikin gari da kwalejin da ke Gyallesu, har masu adaidaita suka daina tambayata inda za ni.

Abu ɗaya ya rage, gwajin koyarwa. Za a turo mai dubawa ya zauna ya kalli darasi guda. In na faɗi sai na maimaita shekara, ga shi a bana ake ɗaukar sababbin malamai, kuma ba wanda ya san ranar da za a sake.

Ana gobe za a zo, hedimasta ya kira ni ofis. Mutumin kirki ne, tsoro ne dai ya yi masa yawa.

"Malama, yarinyar nan da ba ta ji, ki gaya wa uwarta ta bar ta a gida gobe. Rana ɗaya ce. Saboda ita kike jan ƙafa, su kuwa masu dubawa agogo suke kallo."

Gaskiya ya faɗa. Yarinyar kurma ce, bakina take karantawa, don haka ba na magana ina fuskantar allo. Sai na rubuta, in juyo, in tabbatar idonta yana kaina, sannan in buɗe baki. Darasina kullum tafiyar tsohuwa yake yi.

Bayan la'asar na bi lungu zuwa gidansu da niyyar isar da saƙon. Na tarar uwarta tana yi mata kitso, kayan makaranta a shanye a igiya, wai yarinyar ta dawo tana ta nuna wa mutanen gida cewa gobe za su yi baƙuwa a aji. Na gaisa, na sha ruwa, na yaba kitso, na tashi ban isar da saƙon ba. Kunya ta rufe ni a hanya, ta abin da na je yi.

Washegari wata dattijuwar Hajiya mai tabarau ta zo, ta zauna a benci na ƙarshe da fayil a cinya. Darasin rabi da kwata ne. Na yanka lemo, na zana da'ira, na juyo, na yi bayani, na sake juyawa. Yara suka riƙa fitowa allo suna raba da'ira, har da yarinyar nan, kitso sai sheƙi yake. Ban ko taɓa kwata ba aka kaɗa ƙararrawa.

A ofis, Hajiya ta cire tabarau ta dube ni.

"Malama, ba ki gama darasinki ba. Kuma me ya sa duk sanda kika fuskanci allo sai ki yi tsit? Lokacinki can ya tafi."

Hedimasta ya sunkuyar da kai. Ni kuwa raina ya riga ya ɓaci, kuma in ya ɓaci ba na iya lallashi.

"Ranki ya daɗe, akwai yarinyar da ba ta ji, sai ta ga bakina. In na ba ta baya ina magana, gara a ce ba ta zo ba. In wannan ne zai kayar da ni, to ya kayar."

Can ta ce, "Wacce ce a cikinsu?"

Na ce ta zo in nuna mata. Ta ce a'a, in bar ta ta gano da kanta, ai ta kalle su darasi guda cur. Muka koma, ta tsaya a taga tana nazarin yara ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe. Daga ƙarshe ta nuna 'yar wani mahauci, wadda ko raɗa aka yi a aji shida sai ta kawo labari.

Na girgiza kai, ba ita ba ce. Daɗi ya cika ni ganin ta kasa bambanta yarinyar da sauran yara, ban taɓa jin alfahari irin na lokacin ba. Hajiya ta mayar da tabarau, ta ɗora fayil a bakin taga, ta rage mini makin lokaci ba sassauci, sannan ta sa hannu a gabana ta ce na ci.