Ranar da Baba Ya Durƙusa wa Ɗan Farinsa a Mokolo

A watan nan mahaifina, Malam Isiyaku tela, ya cika shekara goma sha shida da rasuwa. Allah Ya jiƙansa, Ya kai haske kabarinsa. Juma'ar da ta wuce muka yi masa sadaka a gidanmu na unguwar Briqueterie, dattawa suka cika tabarmi suna yabonsa. "Isiyaku mai raha! Isiyaku mai son yara!" Ina tsugune ina zuba musu shayi, raina yana tafasa fiye da butar da ke hannuna. Wanda ya fi kowa ɗaga murya wajen yabon nan yayansa ne, Baffa Hamidu, mutumin da ya raba ni da wannan rahar ina ɗan shekara tara. Kuma a zaman nan ne ya sanar wa jama'a, ba tare da ya shawarce ni ba, cewa 'yata ta fari, Asma'u, za ta koma gidansa riƙo.

Duk wanda ya yi wayo a Yaoundé lokacin da aka zaftare albashin ma'aikata ya san abin da ake kira la crise, wato matsin tattalin arziki. Tela ba ya cin albashi, amma da albashin wasu yake ci. Matan ma'aikata da suka saba cika shagon Baba da atamfa duk suka ɗauke ƙafa. Sai faci ya rage, da rage ƙugun wando, don kowa ya rame. A layinmu faɗa ya zama ruwan dare. Magidanci zai dawo hannu rabbana, ya sauke haushinsa a bayan yaro. Namu uban kuwa sai ya ƙirƙiro yawon Lahadi.

Ba mu da kuɗin taksi, saboda haka shi ne ya zama taksin. Kun san yadda ake yi a garin nan: ka tsaya bakin titi, ka faɗi inda za ka da abin da za ka biya, in direba ya yarda ya danna ham. To, ƙanwata Rabi da ƙanena Audu za su jeru a ƙofar gida, Baba ya taho yana murza sitiyarin da babu shi.

"Etoudi, gyaɗa biyu!" in ji Rabi.

Ya ɗauke kai ya wuce, yana tsaki irin na direban da aka raina. Sai ya yi ribas.

"Gyaɗa uku, da alkawarin ba za a yi mini fitsari a mota ba."

Daga nan ya ce "pim!" da bakinsa, Audu ya haye wuya, Rabi ta kama gefen riga, mu kama hanya a sayyada. Wata rana bakin tafkin gari, wata rana kan tudu mu kalli rufin kwanonin unguwarmu, in kuma ƙafa ta yi ƙarfi har kasuwar shanu. A can zai nuna wani ramammen sa ya ce ga ma'aikacin gwamnati a ƙarshen wata, ya nuna wani ƙosasshe ya cire hula ya gaishe shi, ya ce wannan ne ya yanke albashin. Fulanin da ke wurin har sun san shi, da sun hango mu sun fara dariya. Burodi ɗaya ake rabawa, amma ban taɓa dawowa gida ina jin mu matalauta ne ba.

Ni ne matsalar wasan, don ni ne ɗan fari. Uba ba ya wasa da ɗan fari, ba ya goya shi, ba ya sakar masa fuska a gaban mutane. Baba ya tashi cikin wannan alkunyar, bai kuma iya karya ta kai tsaye ba. Sai ya zagaye ta. Ya samo mini wani tsohon usur, ya naɗa ni ɗan sandan hanya. Ina busawa, taksi ta tsaya. Da ɗansa ba zai iya raha ba, amma da ɗan sanda ai dole direba ya yi magana, ya kuma kira shi Shef, wato oga.

"Shef, ka yi wa Allah, takardun suna gida."

"Ina lasin?"

"Akuya ta cinye, Shef. La crise ta kai har kan awaki."

A sauran kwanakin mako ban fi "kai" da "wancan" a bakinsa ba. Ranar Lahadi kaɗai yake duban tsakiyar idona, yana dariya. Yaro ba ya bukatar a fassara masa irin wannan.

Wata Lahadi bayan an ɗauke ruwan sama, na tsare taksin a gefen kasuwar Mokolo, na ce yau sai ofis. Baba ya sauke Audu, ya durƙusa a cikin jan taɓon nan, ya haɗa hannu yana roƙona. Masu sayar da ayaba suna ta ƙyaƙyatawa. Shagon atamfar Baffa Hamidu yana tsallaken hanya, kuma yana zaune a ƙofa.

Ko ƙafa bai ɗaga ba. Da yamma ya aiko aka kira Baba, ni kuma ina laɓe a zaure ina ji.

"Isiyaku, haukacewa ka yi? Ɗan farinka ka durƙusa wa a tsakiyar kasuwa? Mutanen garin nan suna kallo, suna cewa ga Hausawa da wawansu?"

"Wasa ne, Yaya."

"Wasa na kaka ne da jika. Kai uba ne. Yaron nan zai dawo hannuna kafin ka lalata shi."

Ɗakin da keken ɗinkin Baba ke ciki na Baffa ne. Na san wannan yanzu, na kuma san abin da ake nufi da ciyar da iyali a shekarun nan. Amma sani bai taɓa kashe mini haushi ba. Ranar da aka ɗaure kayana a ɗankwali za a kai ni gidan Baffa a Nkomkana, na tsaya ina jiran Baba ya ce wani abu. Ya ce. Ya dubi Rabi, ba ni ba, ya ce, "An yi wa Shef ƙarin girma, an ba shi afektasiyo." Wato canjin wurin aiki. Kowa ya yi dariya, har Inna da ke share ido da gefen mayafi. Wannan ne barkwancinsa guda da ban yafe ba har yau. Mutumin da ya iya sa mai yunwa dariya ya kasa buɗe baki ya ce wa yayansa a bar masa ɗansa.

Kada a ce na yi butulci. Baffa bai bar ni da yunwa ba, ya sa ni lekol, wato makarantar boko, ya koya mini kasuwa, duka ma ba ya yi sai da dalili. Amma gida ne da in maigida ya yi gyaran murya a zaure kowa ke shiga taitayinsa. Nkomkana ba wata uwa duniya ba ce, yaro ma zai taka zuwa Briqueterie, sai dai Lahadi ranar tsaron shago ce. Ina auna yadi nakan hango su sun wuce, Audu ne yanzu da usur a wuya. Baba zai tsallako ya gaida yayansa, ya gaida yaran shago, ya wuce ni kamar dilar atamfa. Haka muka yi shekara shida, sai ciwo ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Briqueterie ta yau. Tun da fitina ta tashi a can arewa, mai kaftani daga unguwarmu ba ya nisa ba a tambaye shi katin shaida ba. Iyaye sun kulle yara a gida, sun miƙa musu waya don su yi shiru. Na tabbata da ya samo abin dariya a ciki, kuma da bai fasa fita ba. Ni ma ban fasa ba. Duk Lahadi Asma'u tana wuyana, shekararta shida, muna zaga gari, tana ja mini kunne in na yi kwanar da ba ta so. Na kira ta da sunanta, na tsokane ta, ta rama. Wannan shi ne laifin da aka kai wa Baffa, shi ya sa ya yanke hukuncinsa a gaban dattawa, inda ya san ba zan iya musa masa ba.

Ban musa ba. Na ci gaba da zuba shayi. Matata ta san gidan da ake magana, ta kuma san ni.

Washegari da hantsi na tafi Nkomkana. Na cire takalmi, na durƙusa, na gaishe shi yadda ya koya mini. Ya tsufa ƙwarai, yana zaune da carbi a hannu, kuma sai da tausayinsa ya kusa karya ni.

"Ka zo da kayanta?"

"Baffa, ka gafarce ni. Asma'u ba za ta zo ba. Za ta riƙa zuwa gaishe ka, ta yi maka shara, ta wuni in kana so. Amma a gidana za ta kwana."

Ya ajiye carbin.

"Ni na riƙe ka, Habibu. Da bakin da na ciyar kake gaya mini haka?"

"Da shi ne, Baffa."

"Ubanka, da duk shirmensa, bai taɓa ce mini a'a ba."

"Na sani, Baffa. Ai ni ne abin da ya ba ka."

Ya juya fuska bango. Na yi sallama bai amsa ba, har yau kuma bai amsa gaisuwata a masallaci ba. 'Yan'uwa sun rabu biyu a kaina, Rabi tana bayana, Audu yana cewa na tozarta dattijo. Wataƙila Baffa ya koma ga Allah yana fushi da ni, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

Masu yabo sun ce abin da Malam Isiyaku ya bari shi ne raha. Gaskiya ne, ya bar ta, da ita nake renon 'ya'yana, ita ce ta hana mu jin ɗacin shekarun da suka karya manyan mutane. Amma ni da aka ɗaure wa kaya a ɗankwali na san inda ta tsaya. Raha takan sa yaro ya manta yunwa, ba ta hana a ɗauke shi. Baba, ina yi maka addu'a kowace asuba, kuma har yanzu ina jin haushinka. Kalmar nan da ta gagare ka, na faɗa wa yayanka ita a madadinmu mu biyu. Ta yi latti a kaina da shekara ashirin da biyu, amma jikarka tana gida.