Ranar da na wanke ƙwaryar mahaifiyata

Shekarun baya, wajen ƙarshen shekarun saba'in, aka tura ni Yamai koyon aiki a wata masana'antar nono. Can na ga manyan tukwanen ƙarfe. A dafa madara, a bari ta huce, sannan a zuba mata wani gari da ake kawowa daga Turai, wai ƙwayoyi ne masu rai da ke cin zaƙin madara su mai da shi tsami. Kowace tukunya kuwa sai an wanke ta da tafasasshen ruwa.

Na dawo Tanout hutu ina jin kaina likita.

Mahaifiyata da sayar da nono ta raine mu. Tana da wata baƙar ƙwarya da ta gada wajen kakata, ba ta taɓa sa mata sabulu, kullum sai ta bar ɗan saura a gindinta a matsayin iri, ta juye sabuwar madara a kai. Ranar da ta tafi kasuwa na ɗauko ƙwaryar, na dirje ta da sabulu, na ƙona ta da ruwan zafi, na kife a rana. Har ina jiran yabo.

Washegari madara ba ta kama ba. Jibi ma haka, sai ruwa tsululu da wari. Masu fura suka fara komawa wajen wasu.

Ba ta yi faɗa ba, wannan ya fi min ciwo. Cewa kawai ta yi, "Ɗan nan, can lakwal ɗin da ka yi karatu, nasu irin ma wanke shi suke?"

Sai a lokacin na gane. Abin da masana'anta ke sayowa daga Turai, shi ta yi shekara talatin tana kiwo cikin ƙwarya, ba firji ba takarda, ni kuma na kashe shi kafin azahar.

Da asuba ta ɗaura wa jaki shimfiɗa ta nufi garin Gangara. Kwana huɗu ta dawo da ƴar gora ɗaure cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ashe ranar da aka kai ƙanwarta ɗakin miji a can, ludayi ɗaya ta ɗiba mata daga ƙwaryar nan, shi ne ta je ta karɓo irinsa.

Da safe nono ya kama, ludayi har tsayawa yake a ciki. Ta miƙo min na ɗanɗana, ta ce, "Wanda na ɓoye ka wanke. Wanda na bayar ne ya dawo."

Na tsufa cikin aikin nono, na yi aiki da injiniyoyi da dama. Har yau ban ga wanda ya kai ta ba.