Samanja Garba Soron Ɗinki, Mai Koyar da Miƙa da Numfashi

Haihuwa da Karatu

An haifi Garba Sule a unguwar Soron Ɗinki da ke cikin birnin Kano a shekarar 1949. Mahaifinsa, Malam Sule, maɗinkin huluna ne, mahaifiyarsa kuwa ana kiranta 'Yardada. Ya yi karatun allo a Madabo, ya kammala firamare a 1963 ba tare da ya yi fice a komai ba sai gudu.

Aikin Soja da Aure

Ya shiga soja a 1968, aka ɗora shi kan horar da kurata motsa jiki, aikin da ya riƙe shekara talatin da muryar da ke razana bariki. A 1974 wani likita Ba'indiye ya koya masa yoga, wato miƙe gaɓɓai sannu a hankali tare da sarrafa numfashi. Ya koya ne don kunyar likitan, amma a ransa wasan ragwaye ya ɗauke ta. A 1976 ya auri Zinariya, 'yar Madabo, Allah ya azurta su da 'ya'ya huɗu.

Dawowa Gida

A 1999, da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, shi ma ya tuɓe kaki da muƙamin samanja ya dawo gidan gado. Ya riƙa bin attajirai masu hawan jini da ciwon sukari gida-gida, da usur a wuya, yana sa su motsa jiki irin na soja, har wasu kan aiko a ce masa ba sa nan.

Jinyar Zinariya

A 2001 Zinariya ta kamu da shanyewar ɓarin jiki, kuma ba abin da ya fi ƙona mata rai kamar sallah a zaune. Samanja ya ɗauki alkawarin tsayar da ita, sai dai ya tunkari jinyar da lissafin fareti da tsawa. Bayan wata biyu ta juya wa bango fuska, ta ce masa, “Malam, ni ba kurtu ba ce, matarka ce.”

Maganar ta dake shi ƙwarai. Ya rataye usur, ya shimfiɗa tabarma, ya koma ga darasin yoga da ya raina. Ya rage gishiri a tukunya, ya shiga dafa zogale da hannunsa, maƙwabta suna tsokanar cewa Samanja ya koma tuƙa tuwo. Ba ya taɓa ƙafarta sai sun yi hira ta yi dariya, domin a cewarsa jiki da ciki da zuciya tafiyarsu ɗaya. Da wannan tsari ya ci gaba da koyar da dattawan unguwa a zaurensa. A 2004 Zinariya ta fara takawa, amma sai ta dafa kafaɗarsa.

Rasuwa

Ya rasu da hantsin wata Laraba cikin Maris 2007, bayan gajeriyar rashin lafiya. Da aka gama suturta shi aka kira Zinariya ta yi masa addu'a, mata suka miƙa hannu za su tallafe ta, ta ƙi. Ta taka daga ɗakinta har gaban makara ita kaɗai, ta yafe masa. An yi jana'izarsa bayan azahar.

Ya bar Muttaka, Uwani, Mikail da Ikram, da jikoki tara. Zinariya ta rayu shekara takwas bayansa, tana sallah a tsaye.