Wuƙaƙen Fumfuna

Kakata Dije man kaɗe take yi. Har daga Malanbil mata kan hayo gada su zo kasuwar Gaya neman na Dije, ko ɗanɗanawa ba sa yi. Da damina, bayan sallar isha, mukan kewaye murhun da take tafasa ƙwarar kaɗe, tana iza wuta tana ba mu tatsuniya.

"Ga wata nan tafe gare ku," in ji ta. Mu ce ta iso.

Wai Fumfuna tsohuwa ce mai furfura, ba haƙori ko ɗaya, sai jaka cike da wuƙaƙe, kowane abinci da tasa. Ga son jiki. In ta tarar da zaƙi a gida, shi za ta yi ta lasa, jaka a ɗaure. Sai ya ƙare take zaro wuƙar mai, ta yayyanka, ta ci, ta bar wa masu gida maƙaƙi. Amma ƙafarta ba ta taka busasshen wuri. Daga nan Kaka sai ta kaɗa ƙwara a kunnena. "Kin ji ƙara, 'yar nan? Wadda ba ta yi magana ba, kada ki rufe ta."

Shekarar da idonta ya mutu, aikin ya dawo hannuna. Hadari ya hana rana, na gaji da shanyawa da kwashewa, na ɗura ƙwara a buhun leda. Ta ce in miƙo mata ɗaya ta kaɗa. Na ce ta ƙyale ni da tatsuniya, ai na girma. Da na buɗe buhun duk ta yi fari-fari. Na goge, na niƙa, na kai kasuwa da sunanta. Mata suka maido man har gida, suna cewa Dije ta tsufa. Kaka ta lakata ta sa a baki.

"Ku yi haƙuri," ta ce. "Hannuna ne."

Ina tsaye. Ban gyara maganar ba.

Sai da na kai arba'in na shiga makarantar manya. Wata madam ta zo koyar da ƙungiyarmu ta masu man kaɗe, ta ce fumfuna kan fitar da wani abu, anzim, mai farfasa mai, kuma ba ta cika wahalar yin sa ba sai ta rasa sukari, ta ji akwai mai a kusa. Mata sai rubutawa suke yi. Ni kuwa na ajiye alƙalami.

Yau na iya rubuta anzim, ba kuskure. Abin da ban iya ba shi ne tsayawa a kasuwa in ce ni ce na ɓata man nan, don matan da ya kamata su ji duk sun bi Kaka lahira.