Tsiren Waken Suya Da Ya Kusa Raba Ni Da Mijina

Assalamu alaikum Edita. A lokacin da abin nan ya faru ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, muna zaune a unguwar Dokki a birnin Alƙahira, inda maigidana yake aiki a ofishin jakadanci. Shekarun nan ne da Masar ba ta da aiki sai zanga-zanga, yau a rufe wannan titi gobe a rufe wancan, don haka duniyata ba ta wuce kicin da baranda ba. Abu biyu aka san ni da su cikin matan 'yan Najeriya da ke can, iya girki da ganin na fi kowa dabara. Na farkon mutane ne suka ba ni, na biyun kuwa ni na ba kaina. Shi kuma maigidan mutum ne mai haƙuri da barkwanci, aibinsa ɗaya, son nama. Idan aka kawo masa miya ya juya cokali bai ci karo da tsoka ba, sai ya ɗago ya tambaye ni wa ya rasu a gidan.

Ana nan sai ciwon ƙirji ya kayar da shi a wurin aiki. Aka yi gwaje-gwaje, aka ce hanyoyin jinin zuciyarsa sun toshe, sai an yi masa aiki. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar da aka tura shi ɗakin tiyata ba, ga ni a ƙasar mutane, ba uwa ba uba, ga yara ƙanana. Allah Ya taimaka aka yi nasara. Ranar da za a sallame mu likitan, wani dattijo ɗan Masar da ba ya wasa, ya zaunar da mu ya ce jan nama da kitse khalas, an gama da su, gishiri kaɗan, soye-soye kuwa a manta. Maigidan ya yi ta gyaɗa kai kamar ɗalibin kirki. Muna shiga tasi ya ce mini shi fa bai ga amfanin gyara wa mutum zuciya a karya masa ita a rana ɗaya ba.

Da muka koma gida na shiga dafa ganye da kifi da wake, ba mai ba gishirin kirki. Ya ci na kwana biyu don kunya, daga nan ya fara ture kwano. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, barkwancin ma ya tafi. A ƙasan benenmu akwai mai gasa kabab, wato tsiren Larabawa, to da la'asar sai ya jawo kujera baranda ya zauna yana shaƙar hayaƙin, idonsa a lumshe, wai ai likita bai hana hanci ba. Abin dariya ne yanzu, amma a lokacin kuka nake yi a ɓoye, don ina ganin wanda tiyata ba ta kashe ba yunwa za ta ƙarasa.

Maƙwabciyata ce ta ga halin da nake ciki. Kirista ce cikin Kibɗawan Masar, mace mai kirki da surutu. Ta ce ma'alish, wato ba komai, in share hawayena, su a lokacin dogon azuminsu ba sa cin duk abin da ya fito daga jikin dabba, kuma ba su mutu ba. Ta kawo mini wani busasshen abu a leda, waken suya ne aka sarrafa shi gutsi-gutsi, idan an jiƙa shi a ruwan zafi sai ya kumbura ya yi tauri-tauri kamar tsoka. Ta kuma koya mini dabararsu ta hayaƙi: bayan an gasa, a sa ɗan kofi a tsakiyar tukunya, a ɗiga mai, a jefa jan garwashi a ciki a rufe ruf. Ni kuma na ƙara da tawa fasahar. Na daka ƙuli-ƙulin da ɗalibai suke zuwa mana da shi daga gida, na haɗa yajin tsire da citta da kanumfari da masoro, na tsire abin a tsinke tare da albasa da tattasai da baƙin yalon nan nasu mai girma. Da na buɗe tukunyar, wallahi ni kaina sai da na haɗiyi yawu.

Na kai masa da azahar. Ya kalli farantin, ya kalle ni, ya ɗauki tsinke ɗaya. Magungunan da yake sha sun dusashe masa harshe tun bayan aikin, ga yaji ga hayaƙi, don haka bai gane komai ba. Ya cinye tas, sannan ya rage murya ya tambaye ni ko likita ya sani. A nan ne ya kamata in ce masa Alhaji, wake ne. Amma na ga yadda fuskarsa ta washe, kuma ga son a ce na iya, sai na ji bakina yana cewa naman ɗan maraƙi ne na cire masa kitse, sirri ne tsakaninmu. Ya riƙe hannuna ya ce dama ya san ba zan bari a kashe shi da ganye ba. Har ya ƙara da cewa daga taunawa ya gane maraƙin ciyawar bakin Nilu ya ci, shi ya sa naman ya yi laushi. Na ce lallai Alhaji ka san nama.

Haka muka yi watanni. Kullum sai na yi masa, wani lokaci tsire, wani lokaci in farfasa shi ya zama kamar dambu. Jikinsa ya dawo, yana fita tattaki, ya koma aiki. Da muka je ganin likita aka auna jininsa, dattijon ya yi murmushi a karon farko, ya ce tamam, komai ya yi daidai, kitsen jini ya sauka, mu ci gaba da abin da muke yi. Maigidan ya ɗan taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. A hanya ya yi ta dariya, yana cewa likitocin nan karatu ne kawai ya yi musu yawa, ga shi kullum yana cin nama amma jini sai kyau yake ƙarawa. Ni ma na yi dariya, ina jin kaina gwana. Ko kaɗan ban hango inda maganar za ta kai shi ba.

Ba a jima ba na fara lura yana dawowa daga aiki ba ya jin yunwa, ga ɗigon maiƙo a gaban kaftani, ga ƙamshin hayaƙin da ba nawa ba. Da na matsa masa, sai ya ce tausayina yake ji, kullum ina fama da garwashi, shi ya sa yake biyawa unguwar Mohandessin da rana ya ci kabab da kofta, wato gasasshen niƙaƙƙen nama, a wani shago. Ya ce tunda an gwada an ga nama ba ya yi masa komai, mene ne na wahalar da ni. Na ce na waje akwai kitse, ya ce zai riƙa cirewa. Na ce likita ya hana, ya ce nawa ma ai ya hana. Duk ƙofar da na nufa sai in tarar ni na rufe ta da hannuna. Kullum ina cewa gobe zan faɗa masa, goben ta ƙi zuwa, saboda ina jin kunyar ya san na mayar da shi yaro.

Ranar Babbar Sallah abin ya fashe. Kamar kowace shekara, ɗalibanmu 'yan Najeriya da ke zaune a unguwar Abbasiya suka cika mana falo don cin naman layya. Suka zo da wani dattijo daga gida wanda shi ma aka yi wa irin aikin maigidan, yana zaune wurin ɗansa kafin likita ya ba shi izinin hawa jirgi. Ina kicin ina jiyo muryar maigidana yana yi masa huɗuba. Yana cewa Baba ka ci, kada su tsorata ka, ni ne shaida, tun bayan tiyata ban yi fashin nama ba kuma ga ni garau. Na leƙa ta labule na ga ya tura wa bawan Allah faranti cike da soyayyen rago, kitse na ƙyalli, dattijon kuma har ya yi bismilla ya miƙa hannu. Na aika a kira mini maigidan, ya ce yana da baƙi. Kowa ya san ba tarbiyyarmu ba ce mace ta shiga cikin maza ta ƙaryata mijinta. Amma na ga idan na yi shiru, rai biyu zan ɗauka a wuyana.

Na yafa mayafi, na ɗauki ledar busasshen waken, na yi sallama a bakin falo. Na ce Baba don Allah ya ajiye naman nan, Alhaji bai ci nama a gidan nan ba tun da aka sallamo shi, ga abin da yake ci. Na ɗaga ledar sama. Dattijon ya mayar da tsokar a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Wani ɗalibi ya ƙware da dariya har sai da aka ba shi ruwa, wasu biyu kuma suka kama muhawara a kan ko ƙaryar ceton rai ta halatta, kowa na jawo hujja da Larabci. Maigidana ya taso ya nufo ni. Ya karɓi ledar, ya ciro guda ɗaya ya juya shi, ya tambaye ni ko wannan ne maraƙin. Na ce shi ne. Aka sake fashewa da dariya, shi ma ya yi yaƙe, amma na ga idonsa ya kaɗa.

Bayan baƙi sun watse na zaci faɗan kunyatarwa zai yi mini. Bai yi ba. Cewa ya yi dariyar ɗalibai ba ta dame shi ba, gobe za su manta. Abin da ya ci masa rai shi ne duk lokacin da yake zaune a shagon nan yana cin kabab, ni na san guba yake ci, na bar shi saboda kada a ce na yi ƙarya. Ya tambaye ni da a ce ya faɗi a can, me zan gaya wa yaran. Muka koma asibiti, aka tarar kitsen jinin ya sake hawa, likita ya wanke mu tas mu biyu, aka ƙara masa magani. Allah Ya rufa asiri abin bai kai ga wani aikin ba. Yanzu da kansa yake hura garwashi ya gasa wakensa da yalonsa, kuma ya ce da na gaya masa gaskiya tun farko, zai yi mita ne na mako guda ya ci.

Shi ya sa na rubuto, don 'yan'uwana masu jinyar miji ko iyaye. Ku yi duk dabarar da za ku yi a tukunya, ku sa yaji ku sa hayaƙi, amma ku gaya wa majinyaci sunan abin da ke cikin kwanonsa. Zai ɓata rai, ku bar shi ya ɓata, fushi ba ya toshe jijiya. Ni na zaci ina ɓoye masa wake ne kawai, ashe maganinsa nake ɓoye masa. Mutumin da bai san abin da yake warkar da shi ba, wurin abin da yake kashe shi zai je yin godiya, kuma nawa mijin da ƙafarsa ya je, ina tsaye ina kallo.