Rufin tol na babanmu

Fako ne babanmu ya gada a bayan garinmu, wajen Barmu, ƙasar da ko akuya ba ta tsayawa kanta. Shekara da shekaru yana haƙa mata tassa, ƙananan ramukan nan da ake zuba wa taki su riƙe ruwa, har ta soma ba da hatsi. Gonar nan ita ce cinmu, ita ce shanmu.

Sai maƙwabcinmu ya komo daga Abijan ya rufe ɗakunansa da tol, kwanon rufin nan mai ƙyalli. Da hantsi in rana ta doke shi sai ka kare ido. Na lura Baba ya sake wurin zama, ya koma inda yake hangen rufin. Ana hira da shi, idonsa na can. Zuciya dai ba ta da ƙashi.

Wani rani, wani ɗan kasuwa daga Tawa ya taya gonar, don fakon da aka tayar ya soma daraja. Inna ta yi magana har bakinta ya gaji, ta ce ba a daka tol a turmi. Baba kuwa ya ce fako bai ƙare ba a Adar, hannun da ya tada wancan zai tada wani. Ya manta hannun ya tsufa. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake, na rasa da wa nake fushi, da shi ko da maƙwabcin da bai yi mana komai ba.

Baba ya sayar da gonar, aka rufe ɗakinsa da tol, mutane suka yi ta zuwa barka. Sabon fakon da ya ara kuwa, bai haƙa ko rabi ba bayansa ya ƙi.

Ruwan shuka ya sauko wata safiya. Rufin ƙasa haɗiye ruwa yake shiru, tol kuwa ba ɗigon da yake ɓoyewa. Na kai masa fura na tarar da shi zaune bakin gado, kansa a sunkuye, ɗakin na ta ruri. Da ruwan ya tsagaita muka ji maza na kiran juna, suna fita gona da iri.

"Ashe haka yake da ƙara," in ji shi. "Ɗiyata, ɗauko mini tabarma."

Ya shimfiɗa ta a tsohon ɗakin ƙasa na Inna. Can ya yi sauran damunansa, can aka yi masa wanka.